Giwar Yaya Mu'awiya

Talata, 8 ga Sha'aban, bayan la'asar

Yaya Mu'awiya ya iso daga Gashuwa da hantsi, matarsa Adda Asta na riƙe da jakar kwamfutarsa. Ranar kasuwa ce, sai da mai keke ya zaga da su ta bayan tashar jirgi kafin su kai asibiti. Da aka gama masa wankin ƙoda suka biyo ta gidana don ya huta, kamar kowace Talata da Juma'a tun bayan Maulidi.

Bai huta ba. Ya jingina da bango ya ce in kawo takarda. Mijina Dauda ya dawo daga rumfarsa ta kifi ya same mu, ya yi kuskuren tambayar abin da muke ta zanawa kullum. Yaya ya samu ɗalibi. Ya ce masa dandalinmu na bidiyo, wanda mutane ke kallon tafsiri da wasan kwaikwayo a kai, duk yana zaune ne a kan kod, wato rubutun manhaja, guda ɗaya da ya rubuta shi kaɗai tun ina makaranta. Shi muke kira Giwa. Shigar masu kallo, bincike, sharhi, sarrafa bidiyo, tura shi wayoyin mutane, duk a cikin Giwa suke a dunƙule. Bara, ranar farko ta azumi, masu rubuta sharhi suka yi yawa suka cinye ƙarfin sabar, babbar kwamfutar da ke ɗauke da dandalin, sai komai ya faɗi, har tafsirin da ake yi kai tsaye. Bana muna raba ta ƙananan sassa, kowanne da sabobinsa da rumbun bayanansa. In ɗaya ya faɗi, sauran su ci gaba. In mutane suka yi wa ɗaya yawa, shi kaɗai za a ƙara wa ƙarfi.

Dauda ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya tafi alwala. Yaya ya yi dariya har tari ya kama shi.

Yau ma a hannu Adda Asta ta riƙe takalminsa. Ƙafar ta kumbura, ba ta shiga ba.

Alhamis, 10 ga Sha'aban, da azahar

Sashen sarrafa bidiyo ya fita daga cikin Giwa. Shi ne mai karɓar hoto daga masallaci ya yanka shi guntu-guntu, ya fitar da kowane guntu iri-iri, tun daga mai kyau tas na mai sabis mai ƙarfi har zuwa mai dishi-dishi na wanda yake Kumagannam da sandar sabis ɗaya a waya. Haisam, abokin aikinmu da ke Kano, ya taɓa cewa a cire wannan na ƙarshen, wai yana zubar mana da daraja. Yaya ya ce makiyayi ba fuskar malam yake nema ba, muryarsa yake nema.

Na kira shi na gaya masa an gama. Ya ce madalla, Rauda. Sai ya tambaye ni ko ana samun ƙanƙara a Nguru, su kwana biyu ba wuta. An hana shi shan ruwa sai ɗan kaɗan, a wannan zafin. Ƙanƙara yake tsotsa.

Na cika kula na kai tasha, na ba direban Gashuwa.

Asabar, 12 ga Sha'aban, da hantsi

Na je asibiti ni kaɗai. Sun ɗebi jini. Likita ta ce mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda guda ɗaya, amma sai an duba ko tawa za ta dace da jikin Yaya.

Dauda kawai na gaya wa. Ya ce ɗan'uwanki ne. Bai ci tuwon ba.

Litinin, 14 ga Sha'aban, bayan magariba

Haisam ya kira. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, na san akwai magana. Ya ce manyan makullan sabobin, waɗanda da su ake iya kashe komai ko tayar da komai, a hannun Yaya kaɗai suke. Ya ce ya kamata a ce ni ma ina da su. Ya ce ko don gudun ɓacin rana.

Na tambaye shi wace rana yake nufi. Na ce masa in yana da abin faɗa ya kira mai makullan ya faɗa masa da bakinsa, na kashe wayar.

Haisam ne ya riƙa kwana a ƙasa a ɗakin Yaya suna jami'a. Ba mugu ba ne. Gaskiya ya faɗa. Ban kira shi na ba shi haƙuri ba.

Talata, 15 ga Sha'aban, da la'asar

Wanki. Bayan sun dawo Yaya ya yi barci a kan tabarma, bakinsa a buɗe, bandejin wuyansa ya ɗan ɗago. Ni da Adda Asta muka zauna muna tsince shinkafa. Da ya farka ya ce shi zai rubuta sashen shiga da kansa, shi ne mafi wuya, kuma shi ya san inda ya binne abubuwa a cikin Giwa.

Laraba, 16 ga Sha'aban, da azahar

Sakamako ya fito. Jininmu ya dace.

Ina cikin hamdala likita ta juya takardar, ta yi mini wata tambaya irin ta mata. Na tsaya ina lissafi a raina. Ta yi murmushi ta ce barka. Sannan ta daina murmushin ta ce ba wanda zai taɓa ni da wuƙa, ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba ma.

Shekara bakwai ni da Dauda muna jira. Babu asibitin da ba mu je ba, babu rubutun da ban sha ba. Sai wannan watan.

Na zauna a benci a waje har masu shara suka zo suka ce in ɗaga ƙafa.

Laraba, bayan isha'i

Dauda ya yi sujada a tsakar gida. Da ya ɗago ya ga fuskata, sai ya juya baya ya goge tasa. Na ji haushinsa don ya yi murna. Da ya ɓoye murnar ma na ji haushinsa.

Juma'a, 18 ga Sha'aban, bayan masallaci

Kod ɗin Yaya ya shigo jiya. Na buɗe na karanta sau uku.

Ya rubuta cewa in waya ta nemi shiga ba ta samu ba, ta sake nema nan take, ba jira, ba iyaka. Wannan shi ne abu na farko da ya hana ni yi lokacin da yake koya mini. Ya zaunar da ni a zauren Inna ya ce in sabar ta gaji, wayoyi dubu ɗari suka dawo mata a lokaci guda, ke kika ƙarasa ta. Ya ce kowace waya ta jira, kuma kada jiran ya zama iri ɗaya. A ƙasa kaɗan ya rubuta aiki ɗaya sau biyu da sunaye daban. A wani wuri ya fara layi bai ƙarasa ba.

Likita ta taɓa ce wa Adda Asta in dattin ya taru a jini yana taɓa tunani.

Da suka zo yau ya tambaye ni ko na gani. Na ce na gani, ya yi kyau.

Asabar, 19 ga Sha'aban, da asuba

Na buɗe masa sabar gwaji ta daban. Duk abin da ya turo can zai je, zai ga koren haske, zai ga yana aiki. Wanda zai je wa mutane ni zan rubuta.

Lahadi, 20 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na je Gashuwa. A Jajimaji na sa direba ya tsaya na yi amai a bakin hanya, wata tsohuwa a motar ta dube ni ta miƙo mini tsamiya.

Inna ta rame. Ta daina haɗa turaren wuta saboda Yaya ya ce warin yana tayar masa da zuciya, kaskonta na kife a bayan ƙofa. Ta ja ni ɗaki ta fara ambato mini mutanen unguwa da wannan ciwon ya kama: mai shayin bakin gada, ɗan gidan liman, matar mai gyaran famfo. Wasu sun ce ruwa ne, wasu sun ce maganin feshin shinkafa, wasu sun ce zafi. Na ce Inna ki bari. Ta bari. Sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce na canja. Na ce aiki ne.

Da yamma muka yi gwajin nauyi. Muka saki masu kallon bogi, na kwamfuta, su yi wa dandalin rubdugu kamar ranar azumi. Yaya na kwance a kan katifa a rumfa, na ɗora masa kwamfutar a kan matashi. Muna kallo layin yawan masu kallo yana hawa. Da sashen tura bidiyo ya cika, sabobi suka fara ƙaruwa da kansu, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa komai. Sai na kashe sashen sharhi da gangan. Bidiyo bai ko girgiza ba.

Ya ce Asta zo ki gani. Ta zo da ludayi a hannu ta duba, ta ce ita layi kawai take gani. Ya ce ai layin ne.

Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin a sa masa bututun wankin.

Talata, 22 ga Sha'aban, bayan magariba

Mun yi faɗa da Yaya.

Na ce masa mu bar sashen shiga a cikin Giwa bana. Lokaci ya ƙure, kuma shi ne ƙofar kowa, in ya karye ba mai kallon komai. Na ce bayan Sallah sai mu fitar da shi a tsanake. Ya ce a'a. Na kawo hujja, ya ce a'a. Na ɗaga murya, ni, a gaban matarsa. Na ce taurin kai ne, Giwa ta riƙe shiga shekara da shekaru, wata guda ba zai kashe ta ba.

Ya bari na gama. Ya ce, "Rauda, bayan Sallah wa zai nuna miki inda wayoyin cikinta suka bi?"

Adda Asta ta tashi ta fita. Na ji ta tana wanke kwanon da na riga na wanke.

Na ce to, za a fitar.

Laraba, 23 ga Sha'aban

Ban iya shiga kicin ba. Dauda ya daina shigowa da kayan rumfa, a zaure yake tuɓewa ya yi wanka saboda ƙarnin kifi.

Juma'a, 25 ga Sha'aban, da la'asar

Yau a asibiti na zauna da Yaya, injin na juya jininsa. Ya ce in kawo kwamfuta. Ya rufe ido yana faɗa mini hanyoyin da Giwa ke bi in mutum ya shiga, ni ina bi ina dubawa. Rabi daidai ne, kuma abubuwa ne da ba zan taɓa ganowa ni kaɗai ba. Akwai wani tsohon lungu da ya yi wa masu ƙananan wayoyi na da, in an manta da shi duk mutanen ƙauye za su tsaya a ƙofa. Ɗaya rabin kuwa ya haɗa da wani aiki da ya yi a Kaduna tun kafin a haifi dandalin. Na rubuta duka. A gida zan tace.

A gadon kusa da shi akwai wani dattijo daga Karasuwa, ya tambaye mu ko mu ne masu sa tafsiri a waya. Ya ce bara ya yanke masa ana tsakiyar Baƙara. Yaya ya ce bana ba zai yanke ba, Baba, ga mai gyaran nan.

Lahadi, 27 ga Sha'aban, da hantsi

Sashen shiga ya fita. Nawa. Yana zaton nasa ne.

Litinin, 28 ga Sha'aban, bayan azahar

Sun taho da shi yau, ba ranar wanki ba. Numfashi. An ba shi gado.

Adda Asta ta miƙo mini wata 'yar na'ura kamar makullin mota, manyan makullan sabobin ke ciki. Ta ce tun shekaranjiya ya ce ta ba ni, in kuma kira Haisam in ce masa an yi. Na sa a jaka. Ban kira ba, saƙo na tura.

Laraba, 30 ga Sha'aban, bayan magariba

Gobe azumi. Inna ta zo, a gidana za ta zauna. Ta kawo kaskon turaren, ban san me ya sa ba.

Alhamis, 1 ga Ramadan, bayan shan ruwa

Zan rubuta yadda abin ya faru tun ban manta ba.

Da azahar na tafi asibiti da kwamfuta, don Yaya ya ce ba zai yarda a buɗe tafsiri ba ya nan. Na zauna a kujerar roba kusa da gadon, na haɗa da sabis ɗin wayata. Ana idar da la'asar mutane suka fara shigowa. Kano, Zinder, Maiduguri, Kumasi, Jidda. Bidiyo lafiya, sharhi lafiya. Sabobi na ƙaruwa kamar yadda muka gwada.

Malamai na buɗe karatu sai hasken sashen shiga ya fara komawa ja. Sabobinsa sun ƙaru, amma duk rumbun bayanai ɗaya suke tambaya, shi kuwa ba ya ƙaruwa. A gwaji masu kallon bogi a hankali suka riƙa shigowa. Mutanen gaske suna sallame salla suka danna a tare. Haisam ya kira yana cewa mutane na tsaye a ƙofa, wayarsa ta cika da zagi.

Yaya ya ji. Ya yunƙura zai tashi, Adda Asta ta riƙe shi. Ya ce in kashe Giwa in sake tayar da ita, abin da ya yi bara ke nan. Na ce Yaya shiga ba ta cikin Giwa yanzu. Ya dube ni kamar bai gane ba. Ya sake cewa ki tayar da Giwa, Rauda, me kike jira.

Na ce to, Yaya.

Na fita baranda na zauna a ƙasa. Na fito da 'yar na'urar daga jaka, karo na farko. Na cire ƙofar gaba ɗaya daga kan tafsirin kai tsaye: duk wanda ya zo ya wuce, ba suna, ba lambar sirri. Wasan kwaikwayo da sauran su jira. Na ce wa Haisam abin da na yi, ya fara cewa amma, na ce azumi ne, bar su su shiga. Wannan ba zai yiwu ba da komai na dunƙule. Cikin ɗan lokaci ja ya koma kore. Wayoyin da suka kasa shiga suka riƙa dawowa a hankali, kowace da nata jiran. Layin masu kallo ya haura inda ya tsaya bara, ya ninka, ya ci gaba.

Da na koma ciki Adda Asta ta kunna masa a waya. Sabis ɗin asibitin ba ƙarfi, hoton ya sauko zuwa mai dishi-dishi, fuskar malam kamar a cikin ruwa, amma muryar tas. Dattijon Karasuwa ya ce a ƙara sauti. Duk ɗakin aka yi tsit ana ji, har ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ya ce, kin gani, da kika tayar da ita ta dawo.

Na ce e.

Ban yi azumi ba, likita ta hana. A banɗaki na sha ruwa don kada Inna ta gani.

Asabar, 3 ga Ramadan

Na raba rumbun shiga, na sa masa kwafe-kwafe na karantawa. Na mayar da ƙofa. Ba abin da ya faɗi.

Yaya bai ci komai ba.

Litinin, 5 ga Ramadan, da hantsi

Jiya sun yi masa wanki mai tsawo, yau ya tashi garau. Idonsa irin na da. Ya aiki Adda Asta ta sayo masa lemon tsami ya shinshina, ya ce ni in zauna.

Ya ce ya karɓi wayar Asta da safe ya duba tarihin kod. Ya ce ya ga sabar da na buɗe masa shi kaɗai. Na fara magana ya ɗaga hannu. Ya ce ya karanta abin da ya rubuta a makonnin da suka wuce, ya ji kunya, sannan ya karanta nawa.

"Jiran da kika sa wa wayoyi ya fi wanda na koya miki," in ji shi. "Da ni ne a wurinki da na gaya mini gaskiya. Amma ke kin fi ni tausayi."

Na ce ya yafe mini. Ya ce in bar wannan.

Sai ya ce Inna ta gaya masa ina shan ruwa a ɓoye, kuma Dauda na tafiya a gari kamar wanda aka yi wa sarauta. Na rufe fuska da mayafi. Daga cikin mayafin na gaya masa sauran: jinin da na bayar, da abin da likita ta ce, da cewa ya dace. Ban yi niyyar faɗa ba. Na ce da ba don wannan ba, da yanzu ana maganar tafiya Kano.

Na ji hannunsa a kaina, ba nauyi.

"Wa ya ce miki zan karɓa?"

Na ce da na sa ka.

Ya ce ya sani, shi ya sa Allah ya riga ni. Ya ce kada in kuskura in kalli yaron nan wata rana in tuna da wannan lissafin. Ya sa na yi alkawari da baki, ba da kai ba.

Da Adda Asta ta dawo ya shinshina lemon ya ce kamar gonar Baba.

Laraba, 7 ga Ramadan

Bai gane Inna ba. Ya gane Asta.

Alhamis, 8 ga Ramadan, da la'asar

Haisam ya zo daga Kano. Ya tsaya a bakin gadon yana ba shi labarin yawan masu kallo, ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta masa addu'a. Da ya fito ya jingina da bango ya zame ƙasa. Na ba shi haƙurin maganar makullai. Ya ce wace magana.

Juma'a, 9 ga Ramadan

An tafi da shi Gashuwa da hantsi. Bayan masallaci maza suka fita da shi.

Asabar

Mutane.

Lahadi

Mutane. Kowa na cewa ya dace da wata, ya dace da rana. Na sani.

Talata, 13 ga Ramadan, da hantsi

Na farka na fara tunanin abin da zan dafa musu in sun biyo daga asibiti. Har na sauko da tukunya.

Ina Gashuwa har yanzu, a ɗakin Inna. Dauda na zuwa da yamma ya koma. Ban buɗe kwamfuta ba tun ranar Alhamis. Haisam ya ce komai na tafiya, sabobi na hawa da la'asar suna sauka bayan tarawi, ba wanda ya taɓa su. Ya faɗa don in ji daɗi.

Alhamis, 15 ga Ramadan, bayan azahar

Adda Asta ta aiko a kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan tabarmar takaba, wayar Yaya a gabanta. Ta ce tun ranar Asabar wayar ke kukan nan nata, ba na kira ba, ba na saƙo ba, yawanci da la'asar. Ta ce ba ta taɓa ba, tana tsoron kada ta ɓata wani abu.

Na duba. Ƙararrawar dandali ce. In wani sashe ya fara gajiya, tsarin na kiran injiniyan da ke kan aiki. Ni na karɓi komai, makullai da kod da sabobi, amma na manta da wannan. Sunansa ne na farko a jerin masu tashi. Kullum sai ta kira shi, in bai amsa ba ta wuce wurin Haisam.

Na ce ta yi haƙuri, yanzu zan cire. Na ɗauko kwamfuta na buɗe a gabanta. Ga sunan, ga lambar. Na kai hannu.

Ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta ce shekara tara wannan kukan na tashinta daga barci, tana tsine masa a ranta. Ta ce in ya yi, Yaya zai ce Asta miƙo mini kwamfuta, ita kuma ta ɗora shayi. Ta ce ɗakin ya yi shiru da yawa.

"Ki bar shi zuwa Sallah," ta ce. "In ya yi kuka ni zan kira ki."

Na ce Adda ai zan iya sa lambata ta yi ƙara tare da tasa. Ta ce ta sani.

Na rufe kwamfutar.

Asabar, 17 ga Ramadan, bayan la'asar

Na dawo Nguru jiya. Inna ta ba ni kaskon turaren ta ce in ajiye, za a buƙace shi nan da wasu watanni.

Ɗazu ina zaune a tsakar gida, kwamfuta a cinya, na ga sashen bincike ya fara ja. Ƙaramin abu ne, na san maganinsa, minti biyu ne. Na ɗora hannu a kan madannai ban danna ba. Na jira.

Wayata ta yi ƙara.

"Rauda, ta yi kuka."

"To, Adda. Ga ni a kai."

Ba ta kashe ba. Ina jin numfashinta, da kaji a bayanta, ina bugawa. Da ja ya koma kore na ce mata an gyara. Ta ce sannu da aiki. Ta tambaye ni ko na ci wani abu yau, na ce kunu. Ta ce in ƙara.